Bankin al'umma da kuɗin gwamnati: wa zai zaɓi wanda za a ba rance?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna, ina so mu zauna a kanta da natsuwa. Kusan duk inda ka duba a duniya, ƙananan garuruwa da unguwannin masu ƙaramin ƙarfi ciwonsu ɗaya ne. Mutanen wurin suna kai ajiya banki, amma kuɗin ba ya dawo musu a matsayin rance. Reshe ya karɓi ajiya, a kwashe ta zuwa hedikwata, a ranta wa gwamnati ko manyan kamfanoni, domin rubuta rance guda mai kauri ya fi sauƙi da arha a kan bin diddigin ƙanana ɗari biyu. Shi kuwa mai ƙaramin kamfani da ke da ma'aikata takwas, yana da kasuwa, yana son ƙara inji ya ɗauki mutum huɗu, sai a ce ya kawo takardar gida jingina. Ba shi da ita, magana ta mutu, guraben aiki huɗun nan ma sun mutu tare da ita.

Ra'ayina shi ne gwamnatin jiha ko lardi ta tsaya wa bankunan al'umma da jari da lamuni. Misalin da ya fi tsaya min a rai shi ne na jihar Dakota ta Arewa a Amurka. Manoman jihar sun gaji da yadda bankuna da dillalan hatsi na birnin Minneapolis da ke maƙwabciyar jiha ke matse su, suka haɗu a ƙungiyar Nonpartisan League, suka ci zaɓe, a 1919 suka kafa banki mallakar jiha da jarin dala miliyan 2. Doka ta ce a can za a riƙa ajiye kuɗin jihar. Yau ya wuce shekara ɗari yana aiki. Ba ya bin gari-gari yana buɗe rassa don ƙwace wa ƙananan bankuna masu ajiya, daga Bismarck, babban birnin jihar, yake aikinsa. Ƙaramin bankin gari shi ke zaɓar mai rance tun da shi ya san shi, idan rancen ya fi ƙarfinsa sai bankin jiha ya ɗauki wani kaso. Wani ɓangare na ribar kuma yana komawa baitulmalin jiha. Da ambaliyar 1997 ta cinye birnin Grand Forks, bankin nan yana cikin waɗanda suka fara buɗe hanyar kuɗi don mutane su farfaɗo.

To me zai hana a yi irin wannan a wasu wuraren? Ina jiran ra'ayinku, musamman masu ganin ba zai yiwu ba.

Usman:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ne na farkon masu cewa a yi hattara. Da zarar mutane sun ji an ce kuɗin gwamnati ne, a ransu ya tashi daga rance ya koma rabo. Ba zargi nake ba, an gani. Indiya ta faɗaɗa shirin raya karkara na IRDP zuwa duk faɗin ƙasar a 1980, rance mai rangwame ga talakawan karkara ta hannun bankunan gwamnati. Jami'ai ne ke rubuta sunaye, bankuna suna cika adadin da aka ɗora musu, biyan bashi ya yi ƙasa ƙwarai. A 1990 aka yi yafiyar bashin manoma, a 2008 aka sake yin wata mai girma. Ka sa kanka a matsayin manomin da ya matse iyalinsa ya biya nasa, sannan ya ga an yafe wa maƙwabcinsa da ya ƙi biya. Badi me zai yi?

Akwai ma binciken Shawn Cole na jami'ar Harvard da ya nuna rancen noma na bankunan gwamnati a Indiya yana ƙaruwa a shekarar zaɓe, musamman a gundumomin da takara ta yi zafi, ba tare da amfanin gona ya ƙaru ba. Wannan shi ne tsorona.

Zainab:
Malam Habibu, ka yi haƙuri in ƙara wani abu a kan misalinka, don kada a ɗauka Dakota ɗin lafiya lau ta fara. Shekara biyu kacal da kafa bankin, a 1921, masu zaɓe suka yi wa gwamna Lynn Frazier kiranye, tare da antoni janar da kwamishinan gona, wato mutum ukun da ke kula da bankin. Shi ne gwamna na farko da aka taɓa tsigewa ta wannan hanya a Amurka. Cikin zarge-zargen har da cewa an zuba kuɗin jiha a bankunan da ke da alaƙa da 'yan ƙungiyar. Bankin ya tsira, amma sai da ya koyi takatsantsan. Don haka tsoron Yaya Usman yana da tushe ko a misalin da ka fi so.

Malam Habibu:
Na gode Zainab, haka abin yake. Amma ki lura, mutanen jihar sun kori shugabannin, kuma a ƙuri'ar nan dai suka ƙi amincewa a rushe bankin. Sun bambance tsakanin kayan aiki da hannun da ya riƙe shi.

Usman:
Wannan yana yiwuwa ne inda ƙuri'a ke da haƙora. Inda babu mai iya korar kowa fa?

Baba Isiyaku:
Ɗana Usman, bari in sa baki, don na ƙare ƙuruciyata a sashen ba da rance kafin in yi ritaya. Abin da ka faɗa gaskiya ne, amma rabin labarin ne. Sauran rabin yana Indunusiya.

A farkon shekarun 1970 bankin gwamnati mai suna Bank Rakyat Indonesia ya buɗe ƙananan ofisoshi a ƙauyuka, fiye da dubu uku, don raba rancen noman shinkafa mai rangwame. Daidai abin da ka kwatanta ya faru, ba a biya, ofisoshin suna ta asara, har aka fara tunanin rufe su. A 1984 sai aka juya tsarin. Aka ce kowane ofishi ya riƙe littafinsa, a san ribarsa da asararsa shi kaɗai. Aka daina rangwame, aka sa kuɗin ruwan da zai biya ɗawainiya. Aka daina cewa sai manomin shinkafa, duk mai sana'ar da ke kawo kuɗi ya zo. Wanda ya biya a kan lokaci a mayar masa da wani abu, kuma ya cancanci rance mafi girma. Ma'aikaci ma ladansa ya danganta da yadda ofishinsa ya yi. Sannan aka fito da asusun ajiya mai sauƙi ga mutanen ƙauye. Cikin 'yan shekaru ofisoshin suka koma cin riba, ajiyar da suka tara ta zarce rancen da suke bayarwa. Da rikicin kuɗi na 1997 zuwa 1998 ya kayar da manyan bankunan ƙasar, manyan kamfanoni ne suka kasa biya, ƙananan masu rance na ƙauye suka ci gaba da kawo nasu.

Mai bankin bai canza ba, gwamnati ce jiya, gwamnati ce bayan gyara. Abin da ya canza shi ne wanda ke yanke shawara, da kuma wanda zai ji zafi idan kuɗi bai dawo ba.

Bari in gaya muku yadda abin yake a teburin jami'in rance. Idan takarda ta zo daga sama da jerin sunaye, ba ka zuwa duba kowa. Me za ka duba? An riga an yanke. Kana cika fom ne kawai, shi ma wanda ya zo karɓa ya san ba kai ka ba shi ba, don haka ranar biya ba ya jin nauyinka. Amma idan kai ne za ka sa hannu, kuma sunanka ne a kan fayil ɗin, za ka tashi ka je wurin aikin mutumin ba tare da ka sanar da shi ba. Ka duba ko injin yana da ɗumi ko ƙura ta rufe shi. Ka buɗe littafin cinikinsa ka ga ko tawada ɗaya aka rubuta wata shida da ita a dare guda. Ka tambayi wanda ke sayar masa da kaya ko yana cika alkawari. Ka ƙirga yaran da ke aiki da gaske, ban da waɗanda aka tara don zuwanka. Wannan sanin ba ya shiga kwamfutar hedikwata, kuma shi ne dukiyar bankin al'umma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Usman:
Allah ya ƙara girma Baba. To idan sai an cire rangwame abin ke tafiya, mene ne amfanin gwamnati a ciki? A bar 'yan kasuwa su buɗe bankunansu mana.

Baba Isiyaku:
Tambaya mai kyau. Ɗan kasuwa ba zai fara zuwa inda sai an yi shekara uku ana asara kafin a tsaya da ƙafa ba. Ofisoshin nan na Indunusiya da kuɗin gwamnati aka gina su, aka horar da ma'aikatansu. Sannan ƙaramin banki yana da rauni biyu da ba zai iya magance su shi kaɗai ba. Ajiyar da yake karɓa ta gajeren lokaci ce, mai ita na iya zuwa gobe ya ce a ba shi, alhali mai sayen inji yana buƙatar shekara biyar. Na biyu, duk masu rancensa a yanki ɗaya suke, fari ɗaya ko rufe masana'anta ɗaya na iya kwantar da su gaba ɗaya. A nan ne ake buƙatar babba a bayansa, mai kuɗin dogon zango, mai raba haɗari. Ghana ta gane haka. Ta buɗe bankin karkara na farko a Agona Nyakrom a 1976 da taimakon babban bankin ƙasar, mutanen gari ne masu hannun jari. Da suka yi yawa aka ga da dama suna tangal-tangal, sai aka kafa musu uwa, ARB Apex Bank, da ta fara aiki a 2002, tana yi musu musayar cak, horo, bincike da samar da tsabar kuɗi.

Hajiya Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba masaniyar tarihi ba ce, ina da wurin ɗinki ne da ma'aikata, bari in faɗi abin da ke ci mana rai. Kowa maganar kuɗin ruwa yake, amma wallahi abin da ya fi kashe mu lokaci ne. A ba ka kwangilar ɗinka kayan makaranta, a ce ka kawo cikin mako shida, biya sai bayan ka kai kaya da wata biyu. Kana buƙatar yadi yau, albashi ƙarshen wata. Na taɓa kai irin wannan takarda wani banki, da hatimin masu kwangilar da komai. Manajan reshen ya san ni, ya san wurina, ya ce shi ya yarda amma ba shi da ikon sa hannu, sai an tura sama. Kafin amsa ta dawo an ba wani aikin. 'Yan mata shidan da na yi wa alkawarin ɗauka sai haƙuri na ba su, ɗaya har ta sayi almakashinta.

Saboda haka ni ban damu ko na gwamnati ne ko na waye ba. Wanda ya gan ni da idonsa, shi nake so ya iya cewa e ko a'a cikin mako guda. Ko a'a ɗin ma alheri ce idan ta zo da wuri.

Zainab:
Hajiya, abin da kika faɗa shi ne ginshiƙin tsarin Jamus. Suna da bankunan ajiya da ake kira Sparkassen, kusan 350, galibinsu ƙarƙashin birane da gundumomi suke. Asalinsu tsoho ne, na farko a Hamburg aka kafa shi a 1778. Ƙa'idarsu ita ce kowanne a yankinsa yake aiki, ba ya tsallakawa yankin wani. Tun da ba shi da inda zai gudu, arzikinsa ɗaure yake da arzikin garin, dole ya nemi masu sana'ar da zai ranta wa a nan. Su ne ƙashin bayan rancen ƙanana da matsakaitan kamfanonin ƙasar. Shi kuma bankin raya ƙasa na tarayya, KfW, da aka kafa a 1948, idan zai ba ƙaramin kamfani kuɗi ba ya ba shi kai tsaye, sai ta hannun bankin da mutumin ke hulɗa da shi.

Amma ga abin da nake so Malam Habibu ya duba da kyau. Sifen ma tana da irin waɗannan bankuna, sun fi shekara ɗari. A 1988 aka cire musu takunkumin yanki, kowanne ya iya buɗe reshe ko'ina a ƙasar. 'Yan siyasar larduna na zaune a hukumominsu. Suka bazama garuruwan da ba su sani ba, suka zuba kuɗi a gine-ginen gidaje. Da kasuwar gidaje ta faɗi bayan 2008, daga 45 da ake da su kusan duka suka narke ko aka haɗe su, biyu ƙanana ne suka rage da siffarsu ta asali. Bankin Bankia, da aka ƙera daga bakwai cikinsu, sai da gwamnati ta karɓe shi a 2012, ƙasar ta nemi agajin Tarayyar Turai.

Ko a Jamus ɗin, manyan bankunan jihohi da ke saman Sparkassen sun yi ɓarna. Sun samu kuɗi mai arha saboda lamunin gwamnati, suka je suka sayi takardun bashin gidaje na Amurka. Na jihar Saxony ya durƙushe a 2007, wani cikinsu mai suna WestLB aka wargaza shi a 2012. Ƙananan da suka tsaya a gida su suka fita da sauƙi. Ni abin da na fahimta, dokar hana fita yanki ta fi yawan jarin da za a zuba muhimmanci.

Malam Habibu:
Wannan ya shige ni. Ashe ke nan sharaɗi biyu muka samu zuwa yanzu: gwamnati ba ta rubuta sunan kowa, bankin kuma ba ya kai kuɗin wani yanki. Na karɓa.

Malam Nura:
Jama'a, akwai waɗanda duk wannan tsari bai shafe su ba muddin da kuɗin ruwa a ciki, kuma suna da yawa a ƙasashe da dama. Mutum yana da sana'a, yana da amana, amma ba zai taɓa rancen ruwa ba saboda addininsa. Idan an gina banki da dukiyar jama'a, bai kamata a bar su a waje ba.

Abin sha'awa, gwajin farko na bankin da ba ruwa a wannan zamani daga Sparkassen ɗin nan ya samo dabara. Ahmad al-Najjar ya yi karatu a Jamus, ya ga yadda suke aiki, ya koma Masar ya buɗe bankin ajiya a garin Mit Ghamr a 1963, bisa raba riba da asara. Mutanen karkara da ba su taɓa shiga banki ba suka kawo ajiya. A 1967 aka mayar da shi ƙarƙashin bankunan gwamnati, salon nasa ya ɓace. Wannan ma darasi ne ga masu son gwamnati ta rungumi komai.

Hanyoyin suna nan. Mai son inji, banki ya saya ya sayar masa da riba sananniya, ya biya kashi-kashi, ko ya ba shi haya har ya mallaka. Irin kwangilar Hajiya kuwa, a yi tarayya a kan aikin guda, a raba ribar. Wani alherin wannan shi ne kuɗi ba ya shiga aljihu balle a karkatar da shi, kaya ne ke zuwa. A Pakistan kuma ƙungiyar Akhuwat, da Dakta Amjad Saqib ya fara a 2001, tana ba da rance ba ruwa, har gwamnatin lardin Punjab ta ba ta kuɗi tana rantawa a madadinta.

Baba Isiyaku:
Malam Nura, na yarda, da gyara ɗaya. Tarayya a riba tana buƙatar littafi mai gaskiya, don idan ba ka san ribar ba me za ka raba? Shi ya sa ko bankunan Musulunci suka fi karkata ga saye da sayarwa. Ƙaramin banki na gari ya fi kowa damar yin tarayyar da gaske, tun da yana ganin shagon kullum, amma sai ya ɗauki ma'aikatan da za su koya wa mutane riƙe lissafi. Wannan ɗawainiya ce, kuma wuri ne da zan so kuɗin gwamnati ya tafi maimakon rangwamen ruwa.

Aminu:
Ina ta karantawa, amma har yanzu ba a taɓa rabin kan maganar ba, wato samar da aikin yi. Muna ɗauka da an ba da rance aiki zai fito. A 2015 an wallafa sakamakon gwaje-gwaje shida kan ƙananan rance, a Indiya, Maroko, Habasha, Meziko, Mongoliya da Bosniya, cikin masu binciken har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka samu kyautar Nobel a 2019. Abin da aka gani, rancen yana taimaka wa mutane su juya al'amuransu, wasu sun faɗaɗa sana'a, amma bai fitar da yawancin gidaje daga talauci ba. Waɗanda suka fi amfana su ne masu sana'a tun kafin rancen.

Kuma ku yi tunani. Idan ka ba mutum hamsin a unguwa ɗaya jari, duka suka buɗe sana'a iri ɗaya, masu saye ba su ƙaru ba. Cinikin da ake da shi ne aka yanka hamsin. A takarda za a rubuta an samar da aiki hamsin, a zahiri an rage wa waɗanda ke wurin ne.

Hajiya Rabi:
Aminu ka faɗi gaskiya ɗana. Kuma ba kowa ne ke son zama mai sana'ar kansa ba. Yawancin yaran da ke zuwa wurina albashi suke nema, su san ƙarshen wata akwai abin da zai shigo. Ana ta tura su su karɓi jari, alhali abin da suke so wani ya ɗauke su aiki.

Malam Habibu:
To ai nan ne nake ganin bankin al'umma ya bambanta da masu ba da ƙananan rance. Su suna tsayawa a ƙasa, manyan bankuna suna sama, tsakiya babu kowa. Irin su Hajiya sun fi ƙarfin na ƙasa, ba su kai na sama ba, kuma su ne masu ɗaukar mutum biyar, goma, ashirin. Aikin da ke ƙara arzikin gari kuwa shi ne wanda ke sayar wa na waje ya shigo da kuɗi, ko ya ƙera abin da da ake sayowa daga nesa.

Akwai misali a yankin Basque na Sifen. Ƙungiyoyin haɗin gwiwar ma'aikata na garin Mondragon sun kafa bankinsu, Caja Laboral, a 1959, da shawarar wani limamin coci, José María Arizmendiarrieta. Bankin ya buɗe sashe na musamman da aikinsa shi ne zama da masu son kafa masana'anta, a binciki kasuwa tare, a tsara, a bi su har su tsaya, idan sun fara tangaɗi a shiga a gyara. Daga ƙaramin gari suka kai ma'aikata dubbai masu yawa. Ba gwamnati ce ta kafa shi ba, na sani, amma yana nuna kuɗi kaɗai ba ya haifar da aiki sai da mai raino.

Aminu:
Na ji. Amma ta yaya za a auna? Idan aka ce bankin zai samu tallafi gwargwadon ayyukan da ya samar, kowa zai ƙirƙiro alƙaluma. Idan kuma aka ɗora wa manaja adadi, mun koma gidan jiya da Yaya Usman ya kwatanta.

Zainab:
Kada a auna ranar ba da rance. A dawo bayan shekara biyu a duba takardar albashi ko rajistar haraji ta kamfanin, kuma wanda zai duba kada ya zama ma'aikacin bankin ko na ma'aikatar da ta kawo shirin. A Dakota ta Arewa suna da shirin rage kuɗin ruwa ga kamfanin da zai ƙara ma'aikata, amma sai garin da kamfanin yake ya sa nasa kason kafin jiha ta sa nata. Gari ba zai zuba kuɗinsa a kan aikin bogi da yake gani da idonsa ba.

Usman:
Kun matsar da ni, amma ban iso ba tukuna. Duk sharuɗɗan nan a takarda suke, kuma wanda ya naɗa manaja shi ke da manaja. Gwamna ya ɗaga waya ya ce a duba wane, wace doka ce za ta hana? A Jamus ma ai shugabannin birane ne ke jagorantar hukumomin sa ido na bankunan nan.

Baba Isiyaku:
Haka ne, suna zaune a hukumar sa ido, amma masu gudanarwa sai hukumar kula da bankuna ta ƙasa ta tabbatar da ƙwarewarsu, masu binciken lissafi kuma daga ƙungiyar bankunan suke zuwa. Kuma da yake idan ɗaya ya faɗi sauran ne za su ɗauki nauyinsa, kowa yana sa ido a kan ɗan uwansa. Ba na ce maka waya ba za ta yi ƙara ba, ɗana. Na amsa irinta ba sau ɗaya ba. Abin da ke ba manaja ƙarfin cewa a'a shi ne ya iya cewa, ranka ya daɗe, ko na sa hannu ba zai wuce ba, akwai kwamiti, akwai masu bincike, kuma za a buga sunan a rahoto. Don haka ni zan sa a doka cewa duk rancen da aka ba mai riƙe da muƙami, ko matarsa, ko ɗansa, ko kamfaninsa, a wallafa shi kowa ya gani. Wa'adin manaja kuma kada ya zo daidai da wa'adin gwamna.

Sannan lamunin gwamnati kada ya taɓa zama ɗari bisa ɗari. Idan rance ya lalace, bankin gari ya ɗauki rabin asarar ko abin da ya yi kusa da haka. Ranar da aka ce gwamnati za ta biya duka, ranar jami'in rance zai daina zuwa taɓa injin nan.

Hajiya Rabi:
Baba, to mu masu ajiya fa? Idan na kwashe kuɗin albashin yarana na kai ƙaramin banki don yana kusa da ni, ya zo ya rufe, wa zan kama?

Baba Isiyaku:
'Yata, kafin ki kai ko sisi, ki tambaye su abu uku: lasisinsu daga babban bankin ƙasa, ko suna cikin inshorar ajiya da iyakar abin da take biya, da rahoton lissafinsu na bara mai sa hannun masu bincike na waje. Idan kuɗinki ya haura iyakar inshorar, ki raba shi gida biyu. Bankin da ya yi miki nauyin baki a kan ɗaya daga cikin ukun nan, kada ki bar masa kuɗin albashi ko da gwamna ne ya yanke ƙyallen buɗe shi.

Usman:
Baba, maganar wallafa sunayen masu muƙami ta kwanta min. Zainab, idan kina da dokar bankin Dakota ɗin ki turo mana, ina so in ga da idona yadda suka rubuta sashen ajiye kuɗin jiha, da kuma wanda ke da ikon cire shugaban bankin.